Chris Smalling: baƙo ne, amma bai sunkuyar da kai ba

Ƴan uwa matasa, a fada in an zo gardamar ƙwallo, da wuya ku ji an ambaci Chris Smalling. Ni kuwa a ganina rayuwarsa ta fi ta taurari da yawa abin koyi.

An haife shi a Landan a 1989. Ya fito ne daga Maidstone United, wata ƙaramar ƙungiya da ko cikin manyan rukunonin Ingila ba ta. Fulham ta ɗauke shi a 2008, Manchester United ta saye shi a 2010, ya ci kofin Firimiya da ita a 2011 da 2013. Sai ga Gareth Southgate a 2017 ya ajiye shi daga tawagar ƙasa, wai yana son masu tsaron baya da suka iya fara wasa da ƙwallo a ƙafa. A 2019 kuma United ta sayo Harry Maguire kan fam miliyan 80. To, wa zai tsaya jiran a ce masa ya tashi? Smalling ya tattara kayansa ya tafi Roma aro.

Can ma ba aljanna ya tarar ba. A Disamba 2019, ana gobe Inter za ta kara da Roma, jaridar Corriere dello Sport ta buga hotonsa da na Romelu Lukaku a shafin farko, da kanun da ke nufin "Baƙar Juma'a". Ƴan wasa biyu baƙar fata, an mai da launin jikinsu abin talla. Wata uku kacal da zuwansa, kwangilarsa ma ta aro ce. Wani a matsayinsa da ya yi shiru don kada ya ɓata da masu gida. Shi kam ya fito fili ya ce abin bai dace ba, editoci su ɗauki alhakin abin da suke bugawa. Roma da AC Milan suka hana jaridar shiga wuraren atisayensu har ƙarshen shekara.

Sauran amsar a fili ya ba da ita. Roma ta saye shi a 2020. Ranar 25 ga Mayu 2022 a Tirana, suka doke Feyenoord da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin Conference, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan. Mutumin da aka ce bai dace da ƙwallon zamani ba ke nan, a ƙasar da ta fi kowa sanin darajar mai tsaron baya.

Na san wani zai ce: ai mai kuɗi ne, da fasfo na Ingila a aljihu, magana ba ta yi masa wuya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ma nauyin yake kansa. Wanda ba shi da takarda, yana wankin kwanoni a bayan wani gidan abinci, in ya buɗe baki korarsa za a yi. In mai murya ya yi gum don gudun ɓacin ran masu gida, wa zai yi magana a madadin wancan?

Ingila dai ba ta sake kiransa ba, ya tsaya a wasa 31. Ko Southgate ya yi daidai, wannan ku ƙarasa gardamar a kan shayi na biyu. Ni dai abin da na riƙe shi ne wancan Disamban, lokacin da zamansa bai ko tabbata ba, ya ƙi barin a yi wasa da mutuncinsa.