Awaki Sun Cinye Lambunmu: Wane Shinge Ya Dace Da Mu?



Ranar Litinin da muka dawo makaranta, mun tarar da lambun ajinmu ya zama fili. Alayyahu da latas ɗin da muka yi makonni muna ba su ruwa da bokiti, ko ganye ɗaya bai rage ba. Mangwaron da muka dasa a bakin hanya ma saura tsinke. Sawun awaki kawai muka gani ko'ina. Wasu 'yan ajinmu har da hawaye, domin a kan lambun nan za a ba mu makin aikin gona.

Nan take wasu suka ce a tara duwatsu, duk akuyar da ta sake shigowa a jefe ta. Da muka bi sawu sai kunya ta kama mu, domin wasu awakin na gidajenmu ne. A Birnin Kudu da Gwaram, akuya ita ce asusun iyayenmu mata. Ita ake kaiwa kasuwar Sara ko ta garinmu idan ana neman kuɗin littafi ko na magani. Kiwo kuma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya je Dutsen Habude ya ga zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Wanda ya karya ƙafar akuya, kuɗin makarantar wani ɗan'uwanmu ya karya.

Malaminmu na aikin gona ya ba mu labarin shingen lantarki. Ya ce wani manomi a ƙasar New Zealand mai suna Bill Gallagher yana cikin waɗanda suka fara haɗa shi a shekarun 1930, saboda dokinsa yana yawan goga jiki a motarsa. Yanzu a ƙasashe da yawa da shi ake tsare shanu da tumaki, har da aladu, waɗanda suka fi kowace dabba iya tona ƙarƙashin shinge da hanci. Su ana sa musu waya ƙasa-ƙasa daidai hancinsu. Mu nan ba ma kiwon alade, sai dai a wurare irin su kudancin Kaduna, amma akuya ma gwanar tsallake ce da kutsawa, don haka ita tana buƙatar layin waya huɗu ko biyar.

Ga yadda yake aiki. Akwai wata 'yar na'ura da ake haɗawa da batir ko faifan sola. Tana tura wuta cikin waya sau ɗaya a kusan kowace daƙiƙa, ta ɗauke nan take. Ana kuma kafa ƙarfe a cikin ƙasa. Idan dabba ta taɓa wayar, wutar ta bi jikinta ta shiga ƙasa ta koma na'urar, sai ta ji zafi ta ja da baya. Ba ta mutuwa, amma ba ta mantawa. Dama Hausawa sun ce akuya ta yi wayo da yankakken kunne.

Abin ya burge mu, amma da muka zauna muka yi shawara, mun ga bai dace da makarantarmu ba yanzu. Na farko, na'ura da batir da waya kuɗi ne, mu kuwa iri ma karo-karo muka yi muka saya. Na biyu, idan ƙasa ta bushe ƙarfin wutar yana raguwa, kuma da rani ne awaki suka fi damunmu, domin da damina mai unguwa yana sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa a turke. Na uku, idan ciyawa ta taɓa wayar tana shanye wutar, sai an riƙa nome ƙarƙashinta kullum. Wa zai yi wannan lokacin dogon hutu?

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne na huɗu. Wani zai ji labarin nan ya ce ai ba sai da na'ura ba, ya jona waya kai tsaye da wutar gida. Wannan tarkon mutuwa ne. Wutar gida ba ta sakin wanda ta kama. Ƙannenmu 'yan firamare suna bi ta bayan makaranta kullum, wasu ko takalmi babu. Don Allah kada kowa ya gwada.

Shawararmu ita ce mu koma ga abin da muke da shi. Bayan girbi karan dawa da na gero suna ko'ina. Kowane ɗalibi ya kawo dami ɗaya, mu yi danga, mu jera ƙaya a gindinta. Kafin saukar damina mu sari rassan dashi mu kafa a layi, domin yana kamawa ya zama shinge mai rai wanda ba ya neman batir. Bini da zugu ma awaki ba sa cin sa, sai dai 'ya'yansa guba ne, dole a gargaɗi yara. Kowane ƙaramin dashe a kewaye shi da tsohon kwando ko tubali. Sannan wanda ya fita ƙarshe ya rufe ƙofar lambu.

Muna roƙon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su yi magana da mai unguwa. Mu ma kowa ya je gida ya ce: "Inna, don Allah a ɗaure akuyar nan, ni zan riƙa kawo mata harawa." Mun riga mun sake yayyafa iri. Ranar Asabar da safe za mu fara kafa danga, kowa ya zo da karansa da igiya.

Allah ya ba mu sa'a, amin.