Malam, ba a banza ɗan acaɓa ke zargin dillali ba

Ka rubuta cewa masu babura butulu ne, kullum suna zargin dillalai alhali faɗuwar naira ce ta ɗaga farashi. Gaskiya ne, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, kuma Bajaj mai ƙera baburan kamfanin Indiya ne. Babu mai musun wannan.

Amma Malam, dala ce ke hana ɗaure noti? Babur yana zuwa a kwali, yaran shago su harhaɗa shi cikin gaggawa a bakin titi, sarƙa sako-sako, birki ba a daidaita ba. Mai saye ya koma da ƙorafi bayan mako guda, a ce masa ai ya riga ya hau. Takardar garanti kuwa, dillalai da yawa ba sa ko ambatonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne biya kaɗan-kaɗan. Yaro ya yi watanni yana kai balas kullum, rana da ruwa, ciwo ya kwantar da shi, a zo a ɗauke babur, kuɗinsa kuma ya bi ruwa. Wannan yaron kake so ya yi godiya?