Damina a New Bell: Wane Maganin Indiya Ya Kamata Mu Ɗauka?

Daminar Duwala ba irin ta Kano ko Maraɗi ba ce. Ruwan da ke sauka a birnin a shekara ya haura milimita 3,500, kusan ninki huɗu na abin da Kano ke samu, kuma mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba yake zuba. A lungunan New Bell, daga unguwar Hausawa zuwa bayan kasuwar Nkololoun, kwata takan cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga zaure, ya biya ta bakin masai, ya gangara cikin rijiyar da ba ta da murfi ko dakali. A wannan lokaci ne kasuwar masu magani ke ci, har da masu tallar garin ganye da ƙwayoyin da suke cewa na gargajiyar Indiya ne, wai suna tsare jiki daga cututtukan damina. Indiya kam tana da abin koya mana, amma ba a cikin kwalba yake ba.

Tsarin likitancinsu na gargajiya, wanda suke kira Ayurveda, ya daɗe da ware wa damina ƙa'idojinta. Tsohon littafinsu Charaka Samhita ya ɗauki damina a matsayin lokacin da ciki ke rauni, don haka ya umarci mutum ya guji ruwan kogi, ya tafasa ruwan sha, ya ci abinci mara nauyi, ya zauna a wuri busasshe. Babu ko ɗaya daga ciki da ake saye a kanti. Kuma mafi amfanin abin da Indiya ta bai wa duniya kan amai da gudawa shi ma ba shi da tsada. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, Dakta Dilip Mahalanabis ya ga ruwan ƙarin da ake ɗaura wa marasa lafiya ya ƙare, sai ya riƙa ba masu kwalara ruwan gishiri da sukari su sha. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri: kowace uwa a New Bell za ta iya haɗa shi kafin a samo babur zuwa asibiti.

Wani zai ce ai iyayenmu da dogon yaro suka rayu, kuma ita kanta bishiyar daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar maganin gargajiya a Jamnagar ta Indiya a 2022. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda ke raina ganye. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau daga wani nau'in tazargade aka samo shi, aikin da ya kai Tu Youyou ta China ga kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne an auna shi, an san adadin da ke kashe ƙwayar cutar da wanda ke cutar da mai sha. Sirace da citta da kanumfari suna sauƙaƙa mura da sanyin jiki, amma ba sa tsayar da kwalara, wadda ke iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin sa'o'i. Sannan garin da ba a san mahaɗinsa ba yana da nasa haɗarin: wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano dalma ko makamantanta na guba a cikin kashi ɗaya bisa biyar na magungunan Ayurveda da aka saya a shagunan Boston.

Hujjar masu neman ganye da ta fi ƙarfi ita ce ta aljihu: asibiti kuɗi ne, mai ganye kuwa yana karɓar abin da ya samu. Amma kwana ukun da aka ɓata ana jiƙa sassaƙe su ne ke mayar da zazzaɓin da ƙwaya za ta warkar ya zama kwanciya a asibitin Laquintinie, inda kuɗin ke ninkuwa. Gwajin jini na minti goma sha biyar ya fi wannan sauƙi, haka ma gidan sauro, haka allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta fara bai wa yara a Janairun 2024.

Duwala ta ga annobar kwalara a 2004, ta sake ganinta a 2022 har cikin gidan yarin New Bell, kuma hanyarta ba ta canza ba: ruwa ne. Tafasa shi ko ɗiga masa sinadarin Javel daidai ƙa'ida aikin gida ne, amma ɗaga bakin rijiya da yashe kwata aikin unguwa ne da hukumar Duwala ta Biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata limamai da masu unguwanni su tayar da maganar tun watan Maris, kuma kuɗin da za a kashe kan kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, gara a sa shi a buhun siminti da murfin rijiya.