Kafin ki saka kuɗin adashinki a motar gas

Wannan makon na ajiye zancen rigakafi da abincin yara, domin wata mai bibiyar wannan fili ta aiko mini da tambaya. Maigidanta ya ga wata ƙaramar mota 'yar Kwatano mai shan gas, wato dizal, kuma da kuɗin adashinta ake so a cika. Ta ce an gaya masa motar ba ta shan mai. Da yake shekara biyu ke nan muna da irinta a gidanmu nan Ribah, bari in faɗa miki abin da na gani.

Maganar shan mai gaskiya ce. Ƙaramar motar gas mai lafiya takan ci lita 5 zuwa 6 a tafiyar kilomita 100, inda takwararta ta fetur za ta ci 7 zuwa 8. Sai dai ki duba farashin lita. A 2022 gas ya kai wajen naira 800, alhali fetur bai kai 200 ba a farashin gwamnati. Bayan Shugaba Tinubu ya cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar ta ragu, shi ya sa mazajenmu suka fara waiwayar motocin gas. Lissafin bai da wuya: in litar gas ta fi ta fetur tsada da kashi ɗaya bisa uku, to ribar ta tafi. Ki tambayi farashin biyun yau, ki buga a wayarki.

Abin da dillali ba zai gaya wa maigida ba shi ne, don man Turai aka ƙera waɗannan motoci. Injinsu yana fesa gas ta wasu ƙananan nozul masu ƙofa kamar bakin allura, da matsi mai tsananin ƙarfi. Ɗan ruwa ko ƙasa ya shiga, sun lalace. Mu kuwa ba kullum ake samun gas a gidan mai ba, sau da yawa sai na jarka, wanda ba ki san durom ɗin da ya kwana a ciki ba. A daminar farko muka sha irin wannan, motar ta fara kakkarwa tana fitar da baƙin hayaƙi. Kanikawanmu, Allah ya saka musu, sun ƙware a injin fetur da manyan motocin gas na da, amma wannan sai an jona ta da kwamfuta. Kwana 19 tana ajiye muna jiran kaya daga Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da aka kashe ya haura albashina na wata guda. Duk man da muka tsimi a shekarar, a nan ya ƙare.

Akwai kuma wani rariya da ake saka wa da yawansu a salansa don tare toka. Ba ya wanke kansa sai injin ya yi zafi a doguwar tafiya. In aikin motar bai wuce kai yara makaranta da zuwa kasuwa ba, zai toshe.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗi ba ne. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu, aka buga mana ƙofa: 'yar maƙwabciyarmu na naƙuda, jini ya ɓalle. Ina dubawa na san sai an kai ta Zuru. Maigida ya murɗa makulli, motar ta yi gurnani ta yi shiru. Injin gas yana buƙatar batir mai ƙarfi fiye da na fetur, ga sanyi, ga namu ya tsufa muna ta cewa sai ƙarshen wata. Kusan minti 40 muka ɓata kafin aka taso wani direban haya. Yarinyar ta rayu, jaririyar ma haka, amma sai da aka ƙara mata jini. Kin kuma san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba wurin da mota za ta mutu miki da dare ba ne.

Don haka in har za a saya, ki sa baki, kuɗinki ne. A tayar da motar da sassafe kafin kowa ya ɗumama ta, a ga ko za ta tashi bugu ɗaya, a kuma duba launin hayaƙinta. A fara nemo bakaniken da ya san irinta a Zuru ko Kontagora, a ji daga bakinsa inda yake samun kaya. A canza bel ɗin tamin da filtar mai tun ranar farko, komai rantsuwar dillali, a kuma ajiye filta guda a but. Kada a bari tanki ya ƙafe, domin iska na shiga sai an yi fama. In ke za ki tuƙa, ki jira 'yar fitilar hita ta mutu kafin ki tayar.

Ga kuma ta ma'aikaciyar jinya: kada a riƙa ɗumama ta cikin gareji ko bakin zaure yara na tsaye a baya. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu, ga shi yana tayar da asma.

Ga mai tambaya, in maigidanki yana yawan doguwar tafiya, irin su Birnin Kebbi ko Kaduna, kuma yana da amintaccen wurin shan mai, motar za ta iya biyan kanta. In zirga-zirgar cikin gari ce, ni dai ta fetur zan ce ku nema. Tamu tana nan, mun saya mata sabon batir, lambar direban nan kuwa na rubuta ta da alli a bayan ƙofar ɗakina.