Ƙidayar Numfashin Yaro: Aikin Minti Ɗaya Da Ya Kamata Kowace Uwa Ta Iya

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, da wuya a shiga gida a rasa yaro mai tari ko mura. Galibin irin wannan tari yakan tafi da kansa bayan 'yan kwanaki. To amma a cikin yaran akwai wanda cutar ta wuce masa maƙogwaro ta sauka cikin huhu, wato ciwon namoniya, wanda wasu ke kira sanyin haƙarƙari. Shi wannan, in aka yi sakaci, ana iya rasa shi cikin kwanaki kaɗan. Ina uwa za ta gane wanne ne ke kwance a cinyarta da tsakar dare? Ra'ayina shi ne, amsar tana cikin ƙidayar numfashi, kuma lokaci ya yi da za a fitar da wannan ilimi daga asibiti a kai shi tsakar gida.

Mai karatu, lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 namoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ta rasa yara kimanin 162,000 ta dalilinta, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wannan shekarar.

Me ya haɗa numfashi da wannan cuta? A cikin huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna inda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Idan ƙwayoyin cuta suka kama su, sai su cika da ruwa da mugunya, huhun ya yi tauri, iskar da ke shiga jini ta ragu. Daga nan sai jiki ya nemi cike giɓin ta hanyar gaggauta numfashi. Ashe ke nan saurin numfashi saƙo ne daga huhu, wanda ido zai iya karantawa ba tare da hoton ƙirji ko na'urar da likita ke karawa a ƙirji ba.

Bincike ne ya tabbatar da haka. A 1984 Dokta Frank Shann da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon nazarin da suka yi a garin Goroka na ƙasar Papua New Guinea, inda suka nuna cewa saurin numfashi na daga cikin alamomin da suka fi bambanta yaro mai namoniya da mai tari kawai. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya a Gambiya da Indiya sun ƙarfafa wannan, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'auni kamar haka: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, sai a hanzarta kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Yadda ake ƙidayar ba wuya. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. In yana barci ma ya fi. A ɗage masa riga a dubi ciki ko ƙirji, a ƙirga duk tashi da sauka a matsayin numfashi ɗaya, har minti guda cur, domin numfashin jarirai yakan yi sauri ya kuma lafa. In an sami 60 ga jariri, a maimaita. A kuma lura ko ƙasan ƙirji na lotsawa ciki yayin da yaro ke jan numfashi. Idan kuwa ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da kome, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, to babu sauran jira, sai asibiti ko da wane lokaci ne.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu abin dubawa ne. Za su ce zazzaɓin cizon sauro da ciwon fuka, har da zafin jiki shi kaɗai, duk suna gaggauta numfashi. Za su ce ko ma'aikatan lafiya sukan yi kuskuren ƙidaya. Za su ƙara da cewa wannan zai sa a riƙa ɗirka wa yara maganin kashe ƙwayoyin cuta babu dalili. Haƙiƙa ma'aunin ba cikakke ba ne. Sai dai mu dubi abin da ke faruwa in babu shi. Uwa ta aika kemis, a haɗo mata maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an ko ga yaron ba, ko kuma a yi ta shafe-shafe da turare har numfashi ya fara sarƙewa. Ƙidaya tana rage ɓarnar biyu: mai mura a bar shi da nono da ruwa da abinci, mai haki a kai shi inda za a gwada jininsa a duba cizon sauro, a auna oksijin, a ba shi amoxicillin, wanda tun 2014 Hukumar ta sanya shi a matsayin maganin farko. Aikin uwa gano haɗari ne da wuri. Rubuta magani na ma'aikacin lafiya ne.

Saboda haka ina kira da a sa ƙidayar numfashi cikin darussan awon ciki da na ranar allurar rigakafi, a koyar da ita a makarantun Islamiyya na matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci, a kuma wajabta wa masu kemis su iya ta. Agogo ba matsala ba ne, tunda kusan kowace wayar hannu tana da shi. Wadda lissafi ke ruɗa ta kuwa, an jarraba amfani da duwatsun ƙirge a ƙasashe irin su Uganda, kuma hannun da ya saba jan carbi ba zai sha wahalar wannan ba. Ɗalibanmu na fannin likitanci da aikin jinya, kowanensu ya koyar da gida goma a unguwarsu lokacin hutu, an rage aiki.

Rigakafi dai ya fi magani: allurar namoniya da Nijeriya ta fara bayarwa a 2014, da shayar da nono zalla na wata 6, da nisanta yara daga hayaƙin murhu, su ne katangar farko. Amma ranar da cuta ta tsallako katanga, lambobi uku ne za su yi wa uwa jagora: 60, 50, 40. Allah ya raya mana zuriya.