Tunawa da Orlando Martins: Daga Tukunyar Jirgin Ruwa Zuwa Dandalin Wasa

In aka tsai da samarin da ke cika gidajen kallo a Lafiya, ko Kano, ko Zariya, aka tambaye su wane ne Orlando Martins, da wuya a sami wanda zai ɗaga hannu. Alhali kuwa tun ba a haifi iyayensu ba, wannan mutumin Ikko ya riga ya tsaya a dandalin wasan kwaikwayo na birnin Landan, Turawa suna tafa masa.

An haife shi ran 8 ga Disamba, 1899. Yana saurayi lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya shiga aikin jirgin ruwa. Aikin da aka ba shi a babban jirgin nan na Ingila mai suna Mauretania shi ne zuba kwal a tukunyar inji, watau can ƙarƙashin jirgi inda babu iska, zafi sai ka ce maƙera, mutum ya wuni da shebur a hannu bai ga ko launin teku ba.

Cikin 1919 ya sauka Landan. Babu irin aikin da bai taɓa ba: ya yi dako a kasuwar kifi ta Billingsgate, ya yi kokawa don kuɗi, har gardanci ya yi, yana wasa da macizai cikin ƙungiyar masu yawo gari gari. In abin ya ƙi ci, ya koma teku. Amma duk inda ya shiga, hankalinsa na wajen wasan kwaikwayo.

To, a nan ne maganar take da nauyi. Baƙar fata a Ingila ta wancan zamani ba shi da zaɓin abin da zai fito a kai. A 1935 Martins ya fito tare da shahararren mawaƙin Amurka Paul Robeson cikin fim ɗin Sanders of the River, wanda ke yabon mulkin jami'in Turawa a kan mutanen Afirka. Robeson kansa da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin sai ya barranta da shi. A 1946 kuma aka sa Martins ya fito a boka cikin Men of Two Worlds. Mai saurin hukunci zai ce ya sayar da mutuncin ƙasarsa. Sai dai ba shi ke rubuta labarin ba, wanda kuma ya san zafin tukunyar jirgi ba ya raina aikin da ya samu a tudu. Ranar da aka ba shi abin kirki ai ya karɓa: a 1936 ya fito a Boukman, jagoran tawayen bayi na Haiti, cikin wasan Toussaint Louverture na C. L. R. James. Sau biyu kacal aka nuna wasan.

Abin da ya fi fito da shi shi ne The Hasty Heart, a dandali da farko, sa'an nan a fim cikin 1949. Labarin na wani asibitin soja ne a Bama, ƙasar da tsofaffin sojojinmu na Arewa suka sani farin sani, don sun yi yaƙi a dazuzzukanta. Martins ya fito a Blossom, sojan Afirka wanda ba ya jin Turanci. Kusan babu magana a bakinsa, sai fuska da hannu, da wata sarƙar duwatsu da ya miƙa wa abokin jinyarsa mai jiran ajali. Da wannan kaɗai ya taɓa zukatan masu kallo. Cikin abokan wasansa har da wani Ba'amurke, Ronald Reagan.

A 1959, ana gab da samun mulkin kai, ya komo Ikko bayan shekara 40. Tsufa bai raba shi da sana'ar ba, don a 1970 ya fito cikin Kongi's Harvest, fim ɗin da aka yi daga wasan Wole Soyinka, inda a ƙarshe ɗan ƙasarsa ne ya rubuta kalmomin da yake faɗi.

Ya rasu a Ikko ran 25 ga Satumba, 1985, yana da shekara 85. A lokacin nan Reagan yana kan kujerar shugabancin Amurka karo na biyu.