Wa Zai Riƙe Jan Biro?

Maganar da na kawo a wannan fitowa ba ta ginin majami'a ba ce, ba kuma ta baiko ba. Maganar wani aiki ce wanda ba a biyan mai yinsa, ba a kuma yi masa tafi, watau aikin edita: mutumin da yakan karɓi rubutun wani, ya karanta a natse, ya gyara, ya mayar wa mai shi, su yi ta kai da komowa har rubutun ya isa bugawa.

Ga abin da ya tayar da maganar. Waɗansu matasanmu sun zo da shawarar a fara 'yar mujalla ta Hausa wadda za ta riƙa ɗaukar gajerun labarai, waƙoƙi da tarihin garuruwa daga ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum. Da aka tambayi masu son yin rubutu, hannuwa suka tashi da yawa. Da aka tambayi wanda zai zauna ya gyara rubutun ba tare da albashi ba, sai ɗakin ya yi tsit. Bayan an tashi wani dattijo da nake girmamawa ya ja ni gefe ya ce, "Pasto, mutane suna kwana a daji saboda 'yan bindiga, ku kuna maganar aya da waƙafi?" Tambayarsa tana da nauyi, ban kuwa ba shi amsa mai kyau a ranar ba. Ga amsata yanzu, Baba.

Ka tuna shekarar 2010. A shekarar ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a Abare, Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma aka ga Bagega ma tana ciki. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya, a cikin gida ake daka su ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. Manyan motoci suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka share ta. Sunan Abare ya shiga jaridun Amurka da Ingila, likitoci suka rubuta bincike, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da nata bayani a 2012. Mun gode musu, gama ba don su ba da asarar ta fi haka. Amma da Turanci aka rubuta, baƙi ne kuma suka rubuta. Ni dai har yau ban riƙe shafi guda bugagge ba wanda wata uwa ta Abare ta faɗi da bakinta yadda ta goyi ɗanta yana sanƙarewa, da abin da surukarta ta ce, da wanda ya ba ta kuɗin mota. Yaran da suka tsira yanzu sun zama samari da 'yan mata. In suka nemi labarin abin da ya sami yayyensu, a harshen wa za su karanta shi?

Abin da yake faruwa da mu yau ma haka zai bi. Za a rubuta yawan waɗanda aka sace da yawan ƙauyukan da suka watse, lissafin zai zauna a ofisoshin Abuja, muryar mutanen kuwa ta bi iska.

Ba masu labari muka rasa ba. Kowace Zumuntar Mata tana da tsohuwar da in ta fara magana ba mai tashi. Abin da muka rasa shi ne mai zama kusa da ita da takarda. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya da ake kira Baba ta Karo, ba ta yi karatun boko ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, aka buga littafin a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya don sanin zaman matan Hausawa na dā. Labarin na Baba ne, amma ba don mai haƙurin zama da rubutawa da shiryawa ba, da an binne shi tare da ita.

Littattafan Hausa da muka karanta a firamare ma ta wannan hanya suka fito. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa. Yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikata masu ƙuruciya, ba wanda ya san su da marubuta. East ya zauna a kan rubutunsu. Abubakar Imam da aka gyara wa rubutu shi ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta a 1939, ya shiga gyara na waɗansu. Haka abin yake yaɗuwa, wanda aka yi wa aski yau shi ne wanzamin gobe.

Wani zai ce ai East albashin gwamnati yake ci. Gaskiya ne. To, ga wanda bai ci ba. Chinua Achebe ya yi shekara 10, daga 1962 zuwa 1972, yana editan ba da shawara na jerin littattafan African Writers Series na kamfanin Heinemann, ba a biyansa. A zamaninsa aka fitar da littattafai 100 na farko, cikinsu har da na Ngugi wa Thiong'o na Kenya a 1964 da Efuru na Flora Nwapa a 1966. Mutum ne mai nasa aikin a gidan rediyo, mai nasa littattafan da zai rubuta, ga yaƙin basasa ya faɗo a tsakiya. Duk da haka ya ba da idonsa ga rubutun waɗanda ba a san su ba tukuna.

A Kano kuma, tun daga shekarun 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ba su jira kamfani ba, suka buga da kansu, suka kafa ƙungiyoyi suna duba wa juna. Gasar Hikayata ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ita ma ta nuna cewa masu rubutu suna nan birjik in an buɗe musu ƙofa.

Sai dai in gargaɗi duk wanda zai ɗauki jan biro, domin ni kaina na taɓa yin ɓarna da shi. Wani saurayi ya kawo mini waƙar da ya yi a kan ƙanwarsa. Da Hausarmu ta nan ya rubuta. Inda ya ce "wanga" na mayar "wannan", inda ya ce "shina" na mayar "yana", "mi" ta koma "me". Na kuma ƙara waɗansu kalmomi masu nauyi irin waɗanda na koyo a makarantar tauhidi. Da na miƙa masa ya karanta har ƙarshe, ya ce, "Baba, ta yi kyau, amma ba tawa ba ce." Bai sake kawo mini wata ba. Na gyara harshen, na kori mai shi. Ko Jiki Magayi da na ambata, hannun East ya shiga ciki har sunansa ya fito tare da na Tafida a bangon littafin. Edita ya gyara ƙa'idar rubutu, ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ domin kada "ɓata" ta zama "bata", ya raba kalmomin da aka manne, ya tambayi marubuci abin da yake nufi inda magana ta shige duhu. Amma Zamfarci ba kuskure ba ne. In tsohuwa ta yi magana da shi, a bar mata kayanta.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan, ita ce ta mu shugabanni. Za a kawo labarin gwauruwar da dangin miji suka ƙwace mata gona alhali dukansu masu zuwa sujada ne, sai mu ce a cire, zai ɓata sunan ikkilisiya. In mujallar za ta ɗauki abin da yake faranta wa dattawa rai kaɗai, to gara kada a fara. A ɗaya gefen kuma edita mai tsaro ne. A ƙasar da ake zargin kowa da kai wa 'yan bindiga rahoto, suna guda da aka bari a shafi yana iya jawo wa gida wuta. Dole ya san inda zai sake suna, ya ɓoye ƙauye, ya kuma ƙi buga zargin da ba shi da shaida. Wannan ba aikin yaro mai zafin kai ba ne shi kaɗai, yana bukatar furfura kusa da shi.

Ra'ayina kuma shi ne kada a rufe ƙofa ga maƙwabtanmu Musulmi. Dalma ba ta tambayi addinin kowa ba, kuma yawancin iyayen da suka binne yara a 2010 Musulmi ne. Mu da muka san ɗacin a yi magana a kanmu ba tare da mu ba, bai kamata mu yi wa wani haka ba. Haka nan 'yan'uwanmu Dakarkari da ke zaune wajen iyakar Zuru: in wani ya kawo waƙa da C'lela, a nemi mai jin harshen ya duba, a buga ta tare da fassarar Hausa a gefe.

Saura maganar kuɗi, wadda ba na so mu yi mata rufa-rufa da kalmar "sa kai". Edita zai ba da lokacinsa kyauta, na yarda. Amma takarda, kuɗin waya, cajin batir da kuɗin mota zuwa Gusau wurin masu buga littattafai ba kyauta ba ne. In muka bar wa mai aikin wannan nauyi, masu albashi na birni ne kaɗai za su iya, sai a wayi gari mutanen birni ne kuma suke zaɓar abin da ƙauye zai faɗa. Ƙungiya ta ɗauki waɗannan. A kuma rubuta sunayen editoci a kowace fitowa, a yanka musu wa'adi, misali shekara 2, domin kada mutum ya gaji ya ɓace ba sallama kamar yadda muka saba gani a kwamitoci.

Masu iyawa suna cikinmu. Akwai malaman firamare da suka yi ritaya, waɗanda suka shekara 30 suna jan layi a littattafan yara. Akwai 'yan mata da samari masu takardar NCE da ke zaune ba aiki. Akwai matan pastoci, da mai karanta sanarwa ran Lahadi wanda kunnensa yakan kama jimlar da ta karkace. Mutum 4 ko 5 sun isa a fara, amma lalle a sami mata a ciki, gama akwai labarin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da pasto ne.

Na ba sakataren ƙungiya sunana, da sharaɗin a haɗa ni da wani matashi da zai riƙa tsawata mini in hannuna ya yi nauyi. Wanda ya ji zai iya, ya ba shi nasa kafin zama na gaba. Rubutun farko ma yana jira: wani littafin makaranta mai shafi 40 da wata 'yar'uwa ta kawo mini, jikarta ta rubuta mata da fensir, babu aya ko guda daga farko har ƙarshe. Baba, kai da ka yi mini tambayar, ka koyar da Hausa shekaru da yawa kafin ka ajiye alli. Zan kawo maka shi gida ran Talata.